Jiƙaƙƙiyar Igiya da Laba Ɗaya: Tarihin Karrama Masu Fatsar Manyan Kifayen Teku

A shekarar 1949, a garin Scarborough da ke gaɓar gabashin Ingila, wani manomi daga yankin Lincolnshire mai suna John Hedley Lewis ya shigo tashar jiragen ruwa da kifin tuna wanda nauyinsa ya kai na bijimin sa. Aka ɗaure shi da igiya, aka rataye a sikeli, sikeli ya nuna laba 852, wato kilo 386 da 'yan kai. Da laba ɗaya tak ya ɗara kifin da Lorenzo Mitchell-Henry ya kama a wannan tekun a 1933, wanda shekara goma sha shida ke nan ba a sami na biyunsa ba a Birtaniya. Mitchell-Henry ya tsufa a lokacin, amma bakinsa bai tsufa ba. Ya ce atafau bai yarda ba: igiyar da aka rataye kifin da ita ta cika kauri, kuma a jiƙe take sharkaf, ruwan da ta sha kaɗai ya isa laba ɗaya. Aka yi ta ja-in-ja. Da ƙura ta lafa, sunan tsohon ne ya zauna a kundi.

Abin dariya ne a ce masu hannu da shuni sun zauna suna musu a kan ruwan da igiya ta sha. Sai dai duk wanda ya gane dalilin wannan musu ya gane tushen al'adar karrama masu fatsa baki ɗaya. Masuncin da ya fita don ciyar da iyali ba ruwansa da laba ɗaya, kasuwa ce alƙalinsa, kafin azahar ta yanke masa hukunci. Wanda ya fita fatsa don nishaɗi kuwa ba sayarwa zai yi ba, sau da yawa ma ba ci zai yi ba. Abin da zai koma gida da shi labari ne, shi kuwa kifin cikin labari duk sa'ad da aka maimaita shi sai ya ƙara taƙi guda. Dole ta sa aka nemi sikeli, aka nemi shaidu, aka rubuta doka, aka buga takarda mai hatimi.

Abin ya samo asali ne daga tsibirin Katalina, daura da gaɓar Kalifoniya a Amurka. Ran 1 ga Yuni, 1898, Charles Frederick Holder, masanin halittu kuma marubuci, ya fita teku cikin ɗan kwalekwale tare da matuƙinsa Jim Gardner. Sandar fatsa ce a hannunsa, da kwarkwaron naɗe zare irin na wancan zamani, wanda ba shi da birki sai wani ɗan ƙyallen fata da ake dannawa da babban yatsa a kan zaren. In kifi ya figa da gudu, mariƙin kwarkwaron sai ya riƙa juyawa da baya kamar farfela, in yatsa ya shiga hanyarsa sai dai a nemi magani. Kifin tuna kuwa, wanda sunansa bai haɗa komai da kalmarmu ta tunawa ba, tsoka ne zalla, mulmulalle kamar harsashi, jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, shi ya sa ba ya saurin gajiya. Wanda ya haɗiye ƙugiyar Holder ya yi ta jan kwalekwalen mil bayan mil har kusan awa huɗu kafin ya sallama. Da aka auna shi a garin Avalon, laba 183 ne, kimanin kilo 83. Kafin wannan rana, mutane da yawa sun ɗauka ba mai iya fito da irin wannan kifi da siririn zare da sanda.

Ba a yi mako uku ba Holder ya tara abokansa suka kafa ƙungiyar da suka kira Tuna Club. Abin da ya ingiza shi ya fi son a san bajintarsa. Ya daɗe yana takaicin yadda baƙi masu yawon shaƙatawa ke zuwa Katalina da igiyoyi masu kauri irin na ɗaure jaki, su yi ta fizgo kifi ba ƙaƙƙautawa, su jibge a bakin gaɓa su ɗauki hoto, su tafi su bar shi yana ruɓewa. A ganinsa wannan ɓarna ce, ba wasa ba. Maganin da ya kawo mai wayo ne: maimakon ya yi wa mutane wa'azi, sai ya sa abin da suke ƙishirwa, wato girma, a bayan wata ƙofa mai wuyar shiga. Duk mai son a kira shi cikakken ɗan ƙungiya sai ya kama tuna da ya kai laba 100, kilo 45 ke nan, da sanda, da zaren da bai wuce sili 24 ba, kuma shi kaɗai, ba mai taɓa masa sanda ko zare har kifin ya iso gefen jirgi. In ya cika waɗannan sharuɗɗa, sai a ba shi ladansa: maɓalli shuɗi, ɗan ƙarami, na maƙalawa a ƙirjin kwat.

Maɓalli fa. Ba kuɗi, ba mota, ba kujerar tafiya ko'ina. Amma attajirai sun ƙetaro ƙasa da teku saboda shi. A 1899 Kanar C. P. Morehouse ya kama mai laba 251 da wannan siririn zaren. Daga baya aka ƙara maɓallai masu wasu launuka don wasu kifaye da zaren da ya fi siranta. Sunayen da suka ratsa ƙungiyar sun haɗa da Theodore Roosevelt, da Charlie Chaplin, da Janar George Patton, har Winston Churchill ya zo a 1929 ya kama kifin malin. Lissafin Holder ya fita: mutumin da ya shafe yini yana kokawa da kifi ɗaya a kan siririn zare ba shi da lokacin kashe hamsin. A Katalina ɗin ne kuma William Boschen ya fito da kwarkwaro mai birki a ciki, ya kama kifi mai takobi na farko da sanda a 1913, yatsun masu fatsa suka huta.

Daga nan al'adar ta bazu. Turawan Ingila suka gano cewa manyan tuna na bin ayarin ƙananan kifayen herin zuwa Tekun Arewa a ƙarshen bazararsu, Mitchell-Henry ya kama na farko da sanda a 1930, aka kafa British Tunny Club a Scarborough a 1933, masu sarauta da masu kuɗi irin su Baron Henri de Rothschild suka riƙa zuwa da jiragensu na alfarma. Ostireliya da New Zealand su ma suka kafa nasu ƙungiyoyin. Sai matsala ta ɓullo: kowace ƙungiya da dokarta, kowace da kundinta. Kifin da aka yaba a nan, a can haramtacce ne. Zane Grey, likitan haƙorin da ya yi arziki da rubuta labaran kaboyi, ya kama malin mai laba 1,040 a Tahiti a 1930, na farko da ya haye laba dubu da sanda, amma kafin a fito da shi kifayen shak sun yagi rabonsu daga jikinsa. Shin Grey ne ya kayar da kifin, ko shak ne suka taya shi? Ba wata hukuma guda da za ta raba gardama.

Hukumar ta samu ran 7 ga Yuni, 1939, a wani ofishi cikin gidan adana tarihin halittu na birnin New York, wata uku kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Sunanta International Game Fish Association, an fi sanin ta da IGFA. Mai ɗaukar nauyinta Michael Lerner ne, ɗan gidan masu jerin kantunan tufafin mata. Shugabanta na farko masanin kimiyya ne, William King Gregory, sakatariyarta kuma Francesca LaMonte, ƙwararriya a ilimin kifaye, wadda ta shafe shekaru tana tantance takardun masu neman shiga kundi. Marubucin nan Ernest Hemingway ya zama mataimakin shugaba. Wurin da aka haifi ƙungiyar ba haɗari ba ne. Masana na buƙatar sanin ina manyan kifaye suke, yaushe suke zuwa, nawa suke kaiwa, ga kuma attajirai da jiragensu suna yawo a tekunan da gidan tarihi ba shi da kuɗin zuwa. Kowa ya samu abin da yake so.

Dokokin IGFA sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin kowace ɗaya tabon wata rigima ce da aka taɓa yi. Daga lokacin da kifi ya ciji ƙugiya, ba wanda zai taɓa sanda ko kwarkwaro ko zare sai mai fatsar. Ba a jingina sanda a gefen jirgi don a huta. Ba a harbin kifi da bindiga, ba a sukarsa da mashin jifa. In shak ko farfelar jirgi ta yanke shi, ya fita daga lissafi. Ba a aunawa a cikin jirgi yana tangaɗi a kan ruwa, sai a tudu, a sikelin da hukuma ta tabbatar da ingancinsa, a gaban shaidu, da hotuna. Sannan a yanko wani sashe na zaren a aika wa ƙungiyar ta ja shi a na'ura har ya tsinke, don a ga ko ƙarfinsa ya yi daidai da ajin da aka ce, tunda kundi kashi-kashi ne, daga zaren da ke tsinkewa a kilo 1 zuwa mai kilo 60. Akwai kuma wata doka da ta tuna mini da igiyar Scarborough: in kifi ya kai laba 25, sabon kamu ba ya ture tsoho sai ya ɗara shi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Da a ce da wannan ma'auni aka yi wa Lewis hukunci, laba huɗu da ɗoriya yake buƙata, igiyarsa ta bushe ko ta jiƙe.

Shekarun 1950 su ne ganiyar zamanin rataye kifi. A Cabo Blanco, wani ƙauyen masunta a arewacin Peru, ruwan sanyi da ke gangarowa daga kudu yana karo da ruwan ɗumi, wurin ya cika da ƙananan kifaye, manya kuma suka biyo su har kusa da gaɓa. Ran 4 ga Agusta, 1953, Alfred Glassell, attajirin man fetur daga Texas, ya kama baƙin malin mai laba 1,560, kusan kilo 708, tsawonsa ya haura ƙafa 14, bayan kokawar awa ɗaya da minti 45. Malin kifi ne mai dogon baki kamar tsinin mashi, in ya ji ƙugiya sai ya yi ta tsalle sama yana girgiza kai. An ɗauki tsalle-tsallen kifin Glassell a kyamara, aka kuma yi amfani da hoton a fim ɗin The Old Man and the Sea na 1958, wanda aka gina kan littafin Hemingway. Abin da ke ba ni dariya shi ne, tsohon masuncin da ke cikin labarin da hannu ya ja kifinsa, ba da sanda ba, shak kuma suka cinye naman. Da ya kai takardarsa ƙungiyar da marubucin ke mataimakin shugabanta, da sakatariya ta mayar masa da ita.

Kifin Glassell har yau ba a ture shi ba. Haka na Ken Fraser, tuna mai laba 1,496 da ya kama a Nova Scotia ta Kanada ran 26 ga Oktoba, 1979. Yankinmu na Afirka ta Yamma ma yana da gurbi a kundin: kifin tapon mafi nauyi, kilo 130, a tsibirin Rubane na Gini Bisau Max Domecq ya kama shi a watan Maris na 2003. Mafi nauyi a kundin gaba ɗaya kuwa farin shak ne mai laba 2,664, sama da tan ɗaya, wanda Alfred Dean ya kama kusa da Ceduna a kudancin Ostireliya a 1959. Naman dabbar ruwa mai shayarwa ya lanƙaya wa ƙugiyarsa, abin da doka ta hana daga baya. A 1986 aka fito da wanda ya fi shi, mai laba 3,427, daga jirgin Kyaftin Frank Mundus a Montauk, amma IGFA ta ƙi karɓa domin a gefen mushen wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, aka same shi yana kiwo.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun 1934 ake taruwa a Argungu, a buga bindiga, dubban masunta su afka Matan Fada da homa da gora, sikeli ya fitar da gwani. Bambancin shi ne ruwan daɗi ne, kuma masu shigarsa gadon su suka yi, ba hutun ƙarshen mako suka zo ba. Amma inda duk aka sa kyauta a kan sikeli, sai an sami mai neman hanyar baya: a 2008 an ƙwace kambu daga wanda aka fara bayyanawa ya ci, bayan da aka gano kifin ya daɗe da mutuwa kafin a shiga ruwa. Hikimar Kabawa da ta fi burge ni ita ce hana su a wannan sashe na kogi har sai ranar biki. Masu fatsar teku sun ɗauki shekaru kafin su iso wannan fahimta.

Kundin duniya na 'yan ƙalilan ne, mutum na iya shekara hamsin yana fatsa bai ko kusanci shafinsa ba. Gwamnatocin jihohin gaɓar Amurka ne suka sauko da abin ƙasa inda talaka zai taɓa. Jihar Virginia ta buɗe nata shirin a 1958, kuma har yanzu yana gudana ƙarƙashin hukumar albarkatun tekun jihar. Tsarinsa mai sauƙi ne. Kowane irin kifi an yanka masa nauyin da in ya kai, ya fita daga sahun na kullum. Ba kuɗin shiga gasa. Wanda ya dace sai ya kai kifinsa ɗaya daga cikin wuraren awo da aka amince da su, galibi shagunan sayar da kayan fatsa da tashoshin jirage, a auna, a cike takarda, mai awo ya sa hannu, daga baya a aiko masa da allon yabo mai ɗauke da sunansa da nauyin kifin, ya kafa a bangon falo. Ba sai ya fi kowa ba, ya dai kai mizani. Direban babbar mota da ya tsaya a kan gada da sandarsa daidai yake da mai jirgin miliyoyi. Wanda ya tara allo a kifaye iri shida cikin shekara guda ana ba shi matsayin gwani, wanda ya tara 25 a tsawon shekaru kuma ya hau matsayin da ya fi wannan. Jihar ba don Allah kaɗai take yi ba: baƙi na zuwa, otal na cika, shagunan na ciniki, hukuma kuma na samun bayanan shekara da shekaru kan inda manyan kifaye ke fitowa. North Carolina da wasu jihohin suna da irin wannan shiri.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin shekarun 1950 su ƙare tuna ya ɗauke ƙafa daga Scarborough, bayan jiragen kasuwa sun kwashe herin da sauran abincinsa. Cabo Blanco ya mutu murus bayan da Peru ta mayar da ƙananan kifayenta garin abincin dabbobi, har kamun ya durƙushe a farkon shekarun 1970. Adalci shi ne a faɗa cewa ba masu sanda ne suka ƙarar da teku ba, abin da suke kamawa bai kai cikin cokali ba in aka gwada da tarun kamfanoni. Amma akwai wani laifi da yake nasu na kansu. Kyautar tana kan mafi girma, mafi girma kuwa a yawancin waɗannan kifaye mace ce. Duk malin da ya haye laba dubu mace ce, har da ta Glassell, kuma irin waɗannan iyaye ne ke zuba ƙwai miliyoyi. Ma'ana, shirin da Holder ya ƙirƙiro don rage ɓarna ya wayi gari yana ba da lambar yabo ga wanda ya kashe uwar garke. A 2014 wani bincike da David Shiffman da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Marine Policy ya ƙirga nau'o'i 85 a kundin nauyi na IGFA waɗanda ke cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Gyaran ya faro ne daga wani masani mai son fatsa, Frank Mather na cibiyar binciken teku ta Woods Hole. A 1954 ya fara raba wa masu fatsa 'yan alamomi masu lamba, su soka a bayan kifi su sake shi. Shekara biyar bayan haka aka kama biyu daga cikin tunan da aka yi wa alama a gaɓar Amurka a can Mashigin Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya. Ashe kifin ƙetare Atlantika yake yi. Masu fatsa suka ga cewa sakakken kifi ma yana iya jawo wa mutum suna.

A hankali shirye-shiryen yabo suka bi sahu. A Virginia yau akwai kifayen da ba a ba da allo a kansu sai in an sake su da rai. Misali shi ne wanda suke kira red drum, wato jar ganga, saboda ƙugin da namijin ke yi kamar ana kiɗa. Doka ta hana riƙe manyansa, don haka mai neman allo sai ya shimfiɗa shi a kan ma'aunin tsawo, in ya kai inci 46 shaida ya gani, a mayar da shi ruwa. Mafi nauyinsa a kundin duniya, laba 94 da oza 2, tun 1984 aka kama shi a tsibirin Hatteras, kuma da wuya a ture shi, tunda a wannan gaɓar ba mai ikon kai irinsa sikeli. Haka shak ɗin Dean: Afirka ta Kudu ta haramta kashe farin shak a 1991, Ostireliya ta biyo baya. IGFA da kanta ta buɗe sabon kundi a 2011, na tsawo, wanda sharaɗinsa shi ne a auna kifi a kan ma'aunin ƙungiyar, a ɗauki hoto, a sake shi yana iyo. Tsohon kundin nauyi dai bai rufe ba, kuma ana ci gaba da muhawara a kansa.

Su kuwa manyan tuna sun dawo ruwan Birtaniya cikin 'yan shekarun nan, galibi ta kudu maso yamma. A 2021 gwamnati ta fara barin wasu jirage masu lasisi su kama su, su sa musu alama su sake, a 2024 kuma ta buɗe fatsar nishaɗi a kansu bisa sharaɗin a sake duk abin da aka kama. Ana jawo kifin gefen jirgi, a gwada tsawonsa yana cikin ruwa, a cire ƙugiya, a ja shi a hankali har numfashinsa ya dawo, a sake shi. Daga tsawon ake ƙiyasta nauyi, ƙiyasi kuwa ba ya shiga kundin sikeli. A jerin bajintar masu fatsa na Birtaniya, layin tuna har yanzu yana ɗauke da laba 851, shekarar 1933, da sunan Mitchell-Henry.